iLok na USB ko iLok Cloud? Ni dai dongul

Ƙanena, kai da ka ce ka rasa na ɗauka tsakanin dongul ɗin iLok, wato ɗan abin USB mai riƙe lasisin manhajojin haɗa sauti, da iLok Cloud mai riƙe su ta intanet, sayi dongul kawai ka huta. Na ga wasu suna ce maka ai Cloud kyauta ne, eh kyauta ne ban musa ba, amma tsaya ka ji nawa tukuna.

Nawa iLok 3 ne, ɗan ƙaramin nan mai jikin ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba. Wani yayana ya taho min da shi daga Amurka, wajen dala 50 a lokacin, har na yi ta guna-guni wai a ce abu kamar filashi, ko waƙa ɗaya ba ka iya zubawa a ciki, amma kuɗinsa ya kai haka. Yana ɗaukar lasisi har 1500, ni kuwa duka nawa ba su kai 40 ba, ka ga har in tsufa ba zan cika shi ba. Na ɗaura masa jan zare a gindi don kar ya saje da filashin yara masu kawo bit, da ma sau ɗaya wani ya zare shi ya sa a aljihu bisa kuskure, sai da na bi shi da gudu har bakin titin unguwarmu Nima a Accra ba takalmi.

Ranar da na san na yi sayayya ita ce 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala kusan Ghana duka ta yi tsit. Ka tuna ai, azumi bai fi kwana huɗu da kamawa ba. Ni wallahi ban ma san abin da ake ciki ba, ina cikin situdiyo tun safe ina miksin, komai na buɗewa lafiya lau, sai wajen azahar abokina na Madina Zango ya kira ni murya na rawa. Yana da tallan rediyo na wata hajiya mai sayar da atamfa da ya yi alkawarin miƙawa kafin a sha ruwa, an riga an ba shi rabin kuɗi, shi kuma duk lasisinsa a Cloud suke, Pro Tools, manhajar da muke miksin da ita, ya ƙi buɗewa balle a yi maganar filogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ke aiki a cikinsa. Na ce kwaso had disk ɗin ka taho. Ya hau trotro, motar haya, da ƙishirwar azumi ya iso yana zufa, muka buɗe aikin a kwamfutata, duk filogin ɗin da nake da irinsu suka tashi, guda biyu ne kawai suka yi toka-toka don ba ni da su, muka musanya su da wasu. Kafin la'asar sakaliya an gama, ya zuba a filashi ya kai da hannu tunda ko WhatsApp ba ya tura komai. Da koko da ƙosai ya biya ni, kuma har yau in muka haɗu sai ya tambayi lafiyar "mai jan zare".

Cloud kuwa, to, yana aiki in netwok ɗinka ba ya yankewa ko na minti ɗaya. Haka aka gina shi, dole ka zauna a kan intanet muddin kana aiki, kuma kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da shi a lokaci guda. Wanda ke zaune inda wuta da intanet ba sa motsi sai in ce Allah ya ba da sa'a. Mu nan da dumsor, wato ɗauke wuta, ke kashe rauta ana tsakiyar ɗaukar murya, ban ga ta inda zai kai ka ba.

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, wato ka ɗora lasisin a kan kwamfutar kanta, ba dongul ba intanet. Tana da daɗi har ranar da kwamfutar za ta mutu. Ni ta taɓa ci na, laftof ta fara wasa na kai wa mai gyara, ban tuna na sauke lasisin ba, shi kuma bawan Allah ya canza mata bod ya yi fomatin. Da na dawo manhajar na kallon ta a matsayin sabuwar kwamfuta, lasisina kuma suna maƙale a jikin wadda babu ita a duniya. Sai da na yi ta rubuta imel kamfani bayan kamfani ina roƙo a sakar min, wani ya amsa a kwana biyu wani ya fi mako. Laifina ne dai. In za ka bi wannan hanyar, duk ranar da kwamfuta za ta je gyara ka buɗe iLok License Manager, manhajar kula da lasisin, ka danna Deactivate ka sauke su kafin ta fita daga ɗakin. Kuma ka sani kamfanin da ya yi filogin ɗin ne ke yanke ko ya yarda da Cloud, ko kwamfuta, ko sai dongul, ba kai ba, don haka ka duba kowanne kafin ka biya.

Ba wai dongul ɗin ba shi da nasa ciwon kai ba. Babba shi ne karyewa, ka bar shi a gefen laftof ka tura cikin jaka, ko wani ya jingina gwiwa, shikenan. Nemi 'yar gajeriyar wayar USB mai kai biyu ka sa shi a ƙarshenta, in an fizga wayar ce za ta ji jiki. Na biyu, kar ka cusa shi a arhan hob ɗin nan mai rami bakwai tare da kibod da sawun kad da cajar waya, rabin masu kukan "ba ya ganin dongul ɗina" daga nan ne. In kuma hob ɗin mai wutar soket ne, da an ɗauke wuta laftof na ci gaba da batir amma dongul ya ɓace. Sa 'yar wayar tasa kai tsaye a jikin kwamfuta. In har yanzu bai gan shi ba, canza rami, sabunta License Manager ɗin, kashe ka kunna, yawanci a nan yake ƙarewa. Ka lura da bakin ma, akwai mai USB-A akwai mai USB-C, ka duba laftof ɗinka kafin ka aika a sayo.

In ya lalace sai ka aika shi Amurka wajen PACE masu yin sa su ciro abin da ke ciki, ka san tafiyar kaya daga Accra. In ya ɓace ko an sace kuma ba ka da kariya, kamfani bayan kamfani za ka bi. Shi ya sa nake biyan ZDT, wato Zero Downtime, tsarin kariyar PACE ɗin, dala 30 a shekara, suna ba ka lasisin wucin gadi ka ci gaba da aiki, amma fa sai kana da wani dongul ɗin a ajiye da za ka zuba su. In ka kunna kariyar sata da ɓata da ke cikin ZDT ɗin, dole dongul ya ga intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 90, wannan ai ko da hotsifot ɗin waya ka yi.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Akwai masu yawo wajen Circle nan Accra da kuma a Facebook suna cewa ga dongul "cike da filogin 300" a kuɗin da bai kai na filogin ɗaya ba. Kar ka tura wa kowa kuɗi ta MoMo. Sabon iLok fanko yake zuwa, babu komai a ciki. Mai kaya a ciki kuwa a akawun ɗin wani yake, yau yana aiki, gobe mai shi ya kai rahoton an sace, kai kuma ka tashi da guntun ƙarfe a hannu, lambar mai sayarwar a kashe. Wasu ma filashi ne na gama-gari suka cika da kirak, wato manhajojin sata, suka kira shi dongul, ga ƙwayar cuta kyauta. Haka mai ce maka zai sayar maka da akawun har da kalmar sirri, imel ɗin ai yana hannunsa, duk ranar da ya ga dama ya karɓe abinsa. In lasisin hannu za ka saya, a tura shi cikin akawun ɗinka ta hanyar iLok ɗin, dala 25 ne kowane lasisi, kuma ba kowane kamfani ke yarda a tura ba. Ka gan shi da idonka a License Manager ɗinka kafin ka saki ko sidi ɗaya.

Af, kar ka rikita su. Waves, kamfanin filogin nan, ba ruwansu da iLok, nasu ta Waves Central ne kuma filashi na gama-gari ma yana riƙe lasisinsu. Cubase kuma, wata manhajar irin Pro Tools, tun na 12 a 2022 suka bar dongul, tsohon tsarin dongul ɗinsu na eLicenser an rufe shi a watan Mayu 2025, don haka wanda ya kawo maka wannan a matsayin tsaraba ka ce na gode.

Ka sayi sabo a kwalinsa, ka yi masa rajista a akawun ɗinka da kanka. In ya iso ka taho da shi da laftof ɗin nan Nima ranar Asabar bayan la'asar mu zuba tare, 'yar wayar USB ɗin ina da guda biyu zan ba ka ɗaya, jan zare kuma ka nemo naka.