Wasiƙa daga Orlando: Inda Ake Sayar da Tsoro

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ka ce in riƙa ba ka labarin abin da ake saye da sayarwa a ƙasar nan, musamman wanda ya shafi sana'arka ta fim. To yau ga wata haja da ban taɓa zaton ana kai ta kasuwa ba. A garin nan na Orlando, jihar Fulorida, tsoro ake sayarwa, da tikiti da layi da rasit, kuma rububinsa ake yi.

Kamfanin fim na Universal yana da katafaren filin shaƙatawa a nan. Duk shekara, daga ƙarshen Agusta ko farkon Satumba har farkon Nuwamba, idan rana ta faɗi sai su mai da filin dandalin firgita mutane, suna kiran abin Halloween Horror Nights. A 1991 suka fara, dare uku kacal da gidan tsoro guda ɗaya. Yanzu gida goma suke ginawa, ana kwashe wata biyu ana yi. Bikin Halloween, wanda suke yi a ƙarshen Oktoba da shigar dodanni, ba namu ba ne, ban kai yara ba kuma ba zan kai su ba, su kansu masu wurin sun ce bai dace da wanda bai kai shekara 13 ba. Amma na shiga tare da wani abokin aikina don in ga abin da yake cika min mota da fasinja har ƙarfe biyun dare.

A cikin manyan rumfunan ɗaukar fim da tantuna suke gina gidajen. Za ka bi sahun mutane cikin wani siririn lungu mai duhu, na gabanka na riƙe da rigar na gabansa. Bangon katako ne da soso, amma sai ka shafa za ka yarda ba dutse ba ne. Har wari suke fesawa, inda aka ce kabari ne ka ji ƙasa mai danshi, inda aka ce gobara ce ka ji ƙauri. Ɗan wasa yana laɓe a bayan labule, shi yake taɓa wani maɓalli, fitila ta walƙa, ƙara ta tashi, ya faɗo gabanka, kafin ka gama salati ya koma yana jiran na bayanka. Doka ce ba zai taɓa ka ba, kai ma ba za ka taɓa shi ba. Duk abin bai wuce minti biyar ba, alhali a daren da aka cika sai ka haura awa guda a layi.

Lokacin da na je, kuɗin shiga a dare mafi araha ya kama daga wajen dala 80, Juma'a da Asabar ya fi haka sosai, kuma tikitin rana bai shigar da kai na dare. Akwai wani tikitin na tsallake layi wanda sau da yawa ya fi na shigar tsada. Sannan farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba, sai a wurin biya ake ɗora harajin sayayya, kashi shida da rabi cikin ɗari a gundumarmu. Babu tayi, babu "albarka", babu ragi don an san mahaifinka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Kusan rabin gidajen nan labarin da ma'aikatan wurin suka ƙirƙira ne. Sauran kuwa hayar suna ne: a je wurin mai fim, ko mai shirin talabijin, ko mai wasan kwamfuta, a yi yarjejeniya, a biya shi, sannan a sami izinin gina ɗakin da aka gani a fim ɗinsa da sa wa ɗan wasa fuskar dodonsa. Wane suna za a ɗauko a shekara mai zuwa, wannan sirri ne sai kamfanin ya ga dama ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Su kuma masoya abin, tun daren da aka rufe ƙofa a Nuwamba suke fara hasashe. Ina tuƙi ina jin su a kujerar baya. Wani ya zana taswirar filin ya rubuta sunan da yake zato a kan kowace rumfa. Wani aikinsa bibiyar takardun izinin gini da aka shigar wa hukuma. Wani kuma lissafi yake yi na fim ɗin tsoron da zai fito a kaka, don ya san mai fim zai so a yi masa talla.

Wallahi Yaya, yaro ɗan shekara ashirin sai ka ji yana magana kamar lauya. Zai ce maka finafinan Dracula da Frankenstein na 1931 kayan gida ne, Universal ba ta neman izinin kowa a kansu. Zai ce finafinan kamfanin Blumhouse ba su da wahalar samu saboda akwai tsohuwar hulɗa tsakaninsu. Da wani ya ambaci dodon Alien, wanda aka yi wa gida a 2014, sai a ce masa ya manta, tunda Disney ta sayi kamfanin Fox, mai fim ɗin, a 2019, ita ma kuma tana da nata filin a garin nan, wa zai ba kishiya aron kayan ado? Shirin Stranger Things na Netflix ya zo nan a 2018 da 2019 da 2023, sai ga shi a 2024 a filayen shaƙatawa na wani kamfanin daban, Six Flags. A nan suka gane cewa mai kaya ba ya aure da kowa, inda sharaɗi ya yi masa can yake kaiwa.

Labarin da ya fi tsaya min shi ne na jerin finafinan tsoro na Friday the 13th. Victor Miller ne ya rubuta fim ɗin farko, wanda ya fito a 1980. Dokar Amurka ta ba marubuci dama ya karɓe haƙƙin rubutunsa bayan shekara 35, in dai ba a matsayin ma'aikacin kamfani ya yi aikin ba. Ya nemi nasa, ɓangaren mai shirya fim ɗin, Sean Cunningham, suka kai ƙara. A 2018 kotu ta ba marubucin gaskiya, a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Amma abin da ya samu rubutun farko ne, a cikin Amurka kawai, ita kuwa fuskar nan ta sakawa da duniya ta san dodon fim ɗin, Jason, da ita sai a fim na uku ta bayyana, a 1982. Ka ga ke nan kowa na riƙe da ɓari, babu mai iya sayar da cikakken abu shi kaɗai. Jason ɗin da aka yi wa gida a Orlando a 2015 bai sake samun gida ba sai 2025. Shekara goma masoya na sa sunansa a taswira suna gogewa.

Ina jin wannan sai na tuna yadda ka sha wahala a kan fim ɗinka na biyu, ka sayar da fili, kafin sati ya zagayo ana tura shi a waya a bakin titi kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Na tuna Ƙofar Wambai lokacin da kaset da faifai ke tafiya, da yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar. Na kuma tuna marubutanmu, waɗanda ake sallama sau ɗaya da ɗan abin da ya samu, ko takarda babu. A nan mutum ya rubuta labari yana da ƙuruciya, ya tsufa, labarin na nan yana ciyar da shi, har sai an nemi sa hannunsa kafin a kafa katako. Wannan ya burge ni ƙwarai, kuma ya sosa min rai. Tun 2023 Najeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka. Don Allah kafin ka fara shirin nan mai dogon zango da kake son ɗorawa a YouTube, ku zauna da marubucin ku rubuta a takarda, da shaidu: wa ke da labarin, wa ke da sunan jarumin, in wata tasha ta nema nawa ne rabon kowa. Zumunci ba ya hana rubutu, a Alƙur'ani ma an ce a rubuta bashi.

Ba wai komai na nan ya fi namu ba. Sunan da aka yi haya, mai tikiti ne ke biyansa. Filayen shaƙatawa na SeaWorld a nan garin da Busch Gardens a garin Tampa su ma suna nasu daren tsoron, galibi da labaran da suka ƙirƙira, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Tsofaffin masoya ma da yawa za su gaya maka gidajen da ba na haya ba sun fi daɗi, don maginan ba su da mai kaya a kansu yana cewa kar a canza kaza. Sunan fim dai shi ke jawo baƙo daga Ingila ko Burazil. Mai share ɗakin otal kuwa, da wuya ta iya kai 'ya'yanta ba ta yi tanadin wata guda ba. Mu a Kano ranar Hawan Daushe mai kuɗi da talaka duk titi ɗaya suke tsayawa su ga dawaki, babu mai tambayarka tikiti. Irin wannan kallon ban gan shi a nan ba.

Game da saƙon da ka ce za ka ba Alhajin da zai taho wata mai zuwa, a sa kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, a ɗaure su da kyau a rubuta sunan kowanne a jiki, ya kuma nuna wa jami'an kwastan da kansa. Kar a sa kilishi, ba sa barin nama ya shigo, ƙwacewa za su yi. Kuɗin maganin Hajiya zan turo ranar Juma'a in Allah ya yarda. Ka gaida Anti da yara, ka ce wa Abba ya dage da karatu.

Wassalam,
ƙaninka.