Asibitin yaran da bai ɓata mana lokaci ba

Akwai wani ƙaramin asibitin yara mai zaman kansa a Tudun Wada, nan Zariya, da nake so iyaye su san irin aikinsa. Can muka kai ɗan ƙanwata mai shekara 2, da muka tarar da carbin yatsa na lantarki a buɗe, batirinsa babu, shi kuma yana ta dalalar da miyau, ya ƙi ko da kunu.

Kafin a yi zancen kati, nas ɗin ta tare mu: "Hajiya, me ya haɗiye, da ƙarfe nawa?" Tana jin batiri ta tsallake layi da mu. Aka ɗauki hoto daga wuya har ciki, ta gaba da ta gefe. Likitan ya ɗaga hoton a fitila, ya nuna mini da bakin biro: abin zagayayye ne kamar kwabo, amma yana da zobe biyu, wani a cikin wani. Da haka ake bambance batiri da kuɗi. Ya ce yawancin abin da yara ke haɗiyewa yakan fita da kansa a bayan gida, amma batirin da ya maƙale a hanyar abinci yana iya ƙona nama cikin awa 2. Haka ma maganaɗisu idan ya kai biyu, sai su manne ta jikin hanji su huda shi.

Abin da ya fi burge ni, bai riƙe mu don kuɗi ba. Ya ce ba su da bututun nan mai kyamara da ake zurawa ta baki a ciro abin da ya maƙale, ya rubuta takarda zuwa asibitin koyarwa na Shika, inda aka ciro batirin a daren. Ya hana manja da cusa yatsa don yaro ya yi amai, abin da maƙwabta ke ta cewa mu yi. Zuma ya sa muka riƙa ba shi a mota, ƙaramin cokali 2 duk minti 10, kada ya wuce sau 6. Jaririn da bai cika shekara ba kam, ba a ba shi.

Wurin jiransu ƙunci gare shi, ga zafi, kuɗin hoto ma da ɗan nauyi. Wanda ya tabbatar batiri ne, kuma yana wajen Samaru, gara ya miƙe Shika kai tsaye.