A tashe shi ko a bar shi? Pampas da kunzugu a barcin dare

'Yar'uwa da ta tambaya ko ta riƙa tashin jaririnta ɗan wata 2 cikin dare don ta canza masa, amsar tana ga abin da ya yi da kuma abin da kika ɗaura masa.

In fitsari ne kawai kuma pampas ne a jikinsa, ki ƙyale bawan Allah ya yi barcinsa. A cikin pampas akwai wani gari da ke tsotse ruwa ya daskare, shi ya sa fatar ba ta kwana a jiƙe. Dama yaro a wannan watannin yakan farka shan nono duk bayan awa 2 zuwa 3, sai ki duba a lokacin. In ya cika ya yi nauyi ki canza kafin ki ba shi nonon, don ya koma barci a kan ƙirjinki.

Kunzugu kuwa ba ya wannan haƙurin. Auduga tana riƙe fitsarin ne a jikin fata, wandon roba kuma ya toshe iska. A zafin Maris da Afrilu nan da nan matsematsinsa zai yi ja, da hunturu kuma sanyin jiƙar ne zai tashe shi da kuka. Ga sauƙin kuɗi, ba wanda zai musa, amma da dare ke za ki biya da barcinki. Shi ya sa mata da yawa ke yin kunzugu da rana, su ajiye pampas sai dare, kuma ni ma shi nake ganin ya fi.

Kashi kam bai san pampas ba, bai san kunzugu ba. Idan ya haɗu da fitsari yana cin fata da sauri, don haka da kin ji wari ki canza ko da yana tsakiyar barci. Ki tanadi ruwan ɗumi a filas da tsumma mai laushi kusa da gado, kar ki kunna babbar fitila, kar ki yi masa wasa. In mace ce ki goge daga gaba zuwa baya. Ki bari wurin ya bushe, ki shafa basilin ko man kaɗanya, ki bar hoda domin yana iya shaƙar ta, sannan ki kwantar da shi rigingine.

In jan ya wuce kwana 3, ko ya fara ƙuraje ko tsagewa, ki kai shi asibiti.