Na kai jitar bes a faɗaɗa mata matashi: yaron shago ya fasa, Baba ya sassaƙa na ƙashi

Sati shida ke nan da na karɓo jitata daga wani shagon gyaran kayan kiɗa a nan Kaduna, kuma sai yanzu zuciyata ta ɗan sauka har zan iya zama in rubuta abin da ya faru. Ba zan kama sunan shagon ba. Makaɗan da suka ji labarin daga bakina sun riga sun san wurin.

Ina kaɗa bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, a wata ƙungiya da ke zuwa bukukuwa, kamu da dina da makamantansu. Mawaƙiyarmu muryarta tana da kauri, don haka mai fiyano yakan sauke mata waƙa zuwa D ko C. Jita mai waya huɗu kuwa iyakarta E, ba ta da abin da ya fi shi ƙasa. Duk lokacin da aka sauke waƙa sai dole in haura sama in nemo sautin, kiɗan ya rasa gindi, kalangu da fiyano su bar ni a tsakiya. Kun dai san kuɗin jita mai waya biyar yanzu, ba sai na faɗa ba. Shi ya sa na bi hanyar da makaɗa da yawa ke bi: na sayi saitin wayoyi biyar, na ajiye siririyar ta G mai lambar kauri 45, na yi niyyar ɗora sauran huɗun, wato 65 da 85 da 105 da 130, in saita su B, E, A, D.

Abin da ya hana shi ne matashi, ɗan farin abin nan da ke kwance a ƙarshen wuyan jita wanda wayoyi ke bi ta kansa kafin su kai makunnai. Masu gyara suna ce masa not. Kowace waya da gurbinta a jikinsa, an yanka shi daidai kaurinta. Gurbin da aka yi wa 105, mai kaurin milimita 2.7 ko kusa da haka, ba zai ɗauki 130 mai milimita 3.3 ba. Na gwada a gida, wayar ta hau ta zauna a bakin gurbin ta ƙi faɗawa, ta yi tsayi har yatsa ba ya iya danne ta a ƙarfen farko na ƙarafunan da ke jere a wuyan jita. Sauran ukun ma haka, tunda kowacce ta koma gidan ƙanwarta. Ban matsa ba, na sassauta su, na sa jitar a jaka, na nufi shago.

Na tarar maigidan ya fita, sai yaronsa, saurayi da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce faɗi nake so a ƙara, kada a taɓa zurfi ko kaɗan, domin tsayin wayoyina a wurin daidai yake, shekara da shekaru ba su taɓa yi mini ziza ba. Na ƙara da cewa wuyan jitata siriri ne, irin mai milimita 38 a wajen matashi, saboda haka bangon da ke gefen babbar waya ba shi da ƙwari, a lallaɓa shi, a fi cin gefen ciki. Ya ce, "Yaya, kada ka damu, aikin minti goma ne, kullum muna yi." Na tambaye shi ko suna da magagaran nan masu zagayayyen baki da ake yi musamman don wannan aiki. Ya ce akwai. Na tafi sallar la'asar.

Da na dawo, tun daga bakin ƙofa gabana ya faɗi. Jitar tana kwance a kan benci ba ko tsumma a ƙarƙashinta, ga magagari mai kusurwa uku irin na maƙera a gefe, ga guntun bakin zarto. Da waɗannan ya yi aikin. Gurbin da ya kamata gindinsa ya zama zagayayye, wayar ta kwanta a ciki luf, ya mayar da shi mai tsini kamar bakin kibiya, ya kuma zurfafa shi. Waya mai kauri idan ta shiga irin wannan gurbi ba kwanciya take yi ba, tsaga take yi, kamar yadda ake sa gatari a itace. Yana ɗaure wayar B, tun kafin ta kai sautinta, sai bangon gefe ya ɓalle. Ni ban ji ƙarar ba, amma na ga guntun. Kuma maimakon ya dakata ya jira ni ko ya jira maigidansa, sai ya ɗauko sufagulu ya kwarara. Gam ɗin ya gangaro ya bi kan katakon wuya, ya malala har kan fentin kan jitar, ya bushe ya bar farin tabo kamar an ɗiga koko.

Wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Jitar nan shekara tara tana hannuna, da kuɗin kiɗan bukukuwa na tara na saye ta, ko ɗan'uwana ba na bari ya ɗauke ta ba tare da ina wurin ba. Na kaɗa wayar E hannu sake, wato ban danne ta ba, sai zizzz, tana gogar ƙarfen farko saboda zurfin da ya yi wa gurbinta. Ta A ma haka. Garin neman gira an rasa ido, domin ko tsofaffin wayoyina na mayar, ba za su ƙara zama daidai a wannan matashi ba. Ga shi ranar Alhamis ce, Asabar muna da dina.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba ɓarnar ba ce, amsar da ya ba ni ce. Ya ce ai robar ce ta tsufa, da ma tana gab da fashewa. Ko a jikinsa. Na ce masa, "Kai, ƙanena, ka ce ba ka iya ba mana tun farko. Da na jira." Bai ce uffan ba, ya ci gaba da danna wayarsa ta hannu.

Ana cikin haka maigidan ya shigo, dattijo mai furfura da tabarau rataye da igiya a wuya. Na gaishe shi a daƙile, ba zan ɓoye ba. Ya ɗauki jitar, ya kai kan wuyanta kusa da fitila, ya daɗe yana dubawa. Ya juya ya kalli yaron, kallo ɗaya, yaron ya sha jinin jikinsa ya fice. Sannan ya ce mini, "Ɗana, ka yi haƙuri. Wannan ya tashi daga aiki. Ka ba ni zuwa gobe da azahar, zan yi maka na ƙashi." Na ce, "Baba, ni dai a gabana za a yi." Ya ce to, in zo da hantsi.

Na zo, kuma abin da na gani ranar shi ne dalilin da ya sa ban ce kowa ya guji shagon ba. Ya fara da reza, ya bi gefen tsohon matashin a hankali ya yanke fentin da ya haɗe shi da katako, don kada ya ɓanɓaro lokacin cirewa. Sannan ya ɗan ƙwanƙwasa shi ta gefe har ya zare. Ya buɗe wani gwangwani cike da guntayen ƙashin ƙwaurin saniya, ya ce daga mahauta yake karɓowa, ya dafa, ya cire maiƙon, ya shanya su daɗe kafin ya taɓa su. Ya zaɓi ɗaya, ya shiga gogawa a kan samfefa da ya manna a jikin gilashi, yana gwadawa a gurbin yana cirewa, har ya shiga cif ba tare da an buga shi ba. Shagon duk ya ɗauki ƙauri kamar ana babbakar kan rago.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta fensir. Yana da wani fensir da ya goge rabinsa a tsaye har ya zama shafaffe. Ya kwantar da shi a kan ƙarafunan wuya, ya ja bakinsa a jikin ƙashin, sai ga layi siriri daidai tsayin ƙarafunan. Ya ce, "Wannan layin shi ne iyaka. Wanda ya kai shi ya ɓata." Sai ya auna tazarar wayoyin, ya ɗan matso da gurbin babbar waya ciki kaɗan don bangon waje ya samu nama. Ga mamakina, shi ma ba shi da cikakken saitin magagaran nan masu tsada. Guda biyu gare shi, na ƙananan wayoyi. Na manyan kuwa samfefa mai laushi ya naɗe a jikin bakin dirila da bai kai kaurin wayar ba, yadda idan an haɗa da kaurin samfefar zai zo daidai, ya riƙa turawa yana karkata hannunsa zuwa ƙasa wajen kan jita. Ya ce dole gurbi ya gangara ta can, domin tsirkiya ta tashi daga bakin gaba na matashi. In ta tashi daga tsakiya ko daga baya, sauti ba zai taɓa zama daidai ba. Shi tsirkiya yake cewa, ba waya ba. Ya ce da garaya da kukuma ya fara tun yana yaro.

Yakan goga sau uku ko huɗu, ya tsaya, ya mayar da wayar, ya ɗaure ta, ya danne ta a ƙarfe na uku, sannan ya ɗan taɓa ta a saman ƙarfen farko da ɗan yatsa yana kasa kunne. In ya ji ɗan ƙyas, ya san akwai sauran sarari. Ya zura takardar littafi ninki biyu a tsakani, in ta wuce da ɗan gogawa sai ya bar wannan gurbin ya koma na gaba. Na ƙirga, wayar B kaɗai sau bakwai ya cire ta ya mayar. Da ya gama ya shafa bakin fensir a kowane gurbi don wayar ta riƙa zamewa lokacin saiti, ya ɗiga gam ɗigo biyu kacal a ƙarƙashin ƙashin. Ɗigo biyu. Na tuna wanda aka kwarara jiya, raina ya sake ɓaci.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna mini cewa duk da kaurinta, wayar B ba ta jan wuya kamar yadda siririyar G ke ja, don haka wuyan ya ɗan miƙe fiye da da. Ya sa alanki ya sassauta sandar ƙarfen cikin wuya kwata ɗin zagaye. Ya ja jakin ƙasa, inda wayoyi ke hawa a jikin jita, baya, waya bayan waya, yana gwada sautin ƙarfe na 12 da na hannu sake har suka yi daidai. Ban roƙe shi wannan ba, shi ya ga ya dace.

Ranar Asabar a wurin dina, da mai fiyano ya sauka C, na danna ƙarfen farko na babbar waya, na ji sautin ya bi ta ƙasan dandamali ya shigo ƙafafuna. Mai kalangu ya waigo ya yi mini murmushi. Wayoyin hannu sake sun fi da tsabta, kuma matsalar nan ta da, inda kana murɗa makunni waya ta ƙi motsi sannan ta yi tsalle da ɗan ƙara, ta tafi gaba ɗaya. A daren nan da an tambaye ni, da na ce kowa ya kai wa Baba jitarsa ido rufe.

To amma da na huce daga daɗin, sai lissafi ya dawo mini. Da na je biya ranar Juma'a, cikakken kuɗin sabon matashi aka caje ni, har da na ƙashin. Ban yi musu ba saboda girman dattijon da kuma aikin da na gani da idona, sai dai tsakani da Allah bai kamata ba. Ni faɗaɗawa na zo a yi mini, ba sauyawa ba. Yaronsu ne ya fasa, a shagonsu, da kayan aikinsu. Ko rabi aka sauke mini da na san an ɗauki laifin. Haƙuri da baki aka ba ni, aljihuna ya biya.

Sannan tabon. Baba ya kankare na kan katako da reza ya tafi, amma na kan fenti ya ce in ya matsa zai ci fentin, gara a bar shi. Yana nan, fari, kamar faɗin farcen babban yatsa, daidai inda idona ke sauka duk lokacin da na ɗaga kai zan saita waya. Wani zai ce ai ba ya hana sauti. Ba ya hanawa, amma ni na san yadda jitar take kafin in miƙa ta. Ga kuma wayar 130 ɗin da yaron ya fara ɗaurewa, tsinin gurbin ya ɗan cije naɗinta a wajen matashi. Ba ta tsinke ba, sai dai ina ganin wurin, kuma kun san ba a samun ta guda ɗaya a nan, sai ka sayi saiti sukutum.

Akwai wani abu kuma da sai daga baya ya dame ni. Da farko na ɗan yi tunanin in ce a yi mini sabo a ajiye mini tsohon, ko da wata rana zan so komawa E, A, D, G, tunda siraran wayoyi a faffaɗan gurbi wasa suke yi suna ƙara. Yaron ne ya ce ba sai an kai ga haka ba. Yanzu tsohon yana cikin shara, in na tashi komawa sai na sake biyan wani.

Da hunturu ya kankama makon jiya, katako ya bushe, wuyan ya ɗan motsa, na ji ziza kaɗan a ƙarafunan farko. Na koma shagon, amma sai da na leƙa daga tsallaken titi na tabbatar Baba yana zaune a kan kujerarsa kafin na tsallaka. Ya taɓa sandar wuya da alanki, minti biyar, bai karɓi ko sisi ba. Yaron yana can ciki da jitar wani a kan cinyarsa, na ga magagarin nan mai kusurwa uku a kusa da shi. Na ce, "Baba, wancan fa?" Ya ce zai duba. Ina fita na kira mai jitar, tunda na gane ta, na ce masa ya zo yanzu ya tsaya a kan kayansa.