Wata Huɗu Ina Zana Allon Lantarki da KiCad

Sana'ata haɗa sola da gyaran inbata ce a Farin Gada, nan Jos, kuma na daɗe ina harhaɗa na'urorin cajin batir a kan allo mai ramuka, ina jona wayoyi da dalma ɗaya bayan ɗaya. Da wahalar ta ishe ni sai na sauke KiCad, manhajar zana allon lantarki da Jean-Pierre Charras ya ƙirƙiro a Faransa a 1992, wadda kyauta ce, kuma kowa yana da damar duba yadda aka rubuta ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake jan layukan tagulla tsakanin ƙafafun kayan aiki. Idan ka danna maɓallin X ka fara jan layi, ya iske wani a gabansa, ba sai ka goge na farkon ba, domin sabon yakan ture tsohon gefe a hankali, tare da barin tazarar da ka ƙayyade, kamar yadda ake matsa wa mutum a benci ya samu wurin zama. Injiniyoyin cibiyar binciken kimiyya ta CERN ne suka gina wannan ɓangare, kuma aikin nasu ya yi kyau. Inda hanya ta toshe gaba ɗaya, danna V yakan huda rami ya tsallakar da layin zuwa bayan allon. Manhajar ba ta jan layuka da kanta sai an haɗa ta da wata manhaja kamar Freerouting, amma ni na fi son in ja da hannuna.

Sai dai allona na farko ya ƙone, kuma laifin nawa ne. Na bar layin da ke kai wuta zuwa batir a faɗin milimita 0.25, na gudanar da binciken kurakurai na manhajar, bai nuna komai ba, na tura aka buga. Da na jona shi, cikin 'yan daƙiƙoƙi layin ya yi baƙi, ya ɗago daga jikin allon kamar zaren da wuta ta lasa. Binciken yana auna abubuwa kamar tazara da haɗuwar layuka ne kawai, bai san yawan wutar da za ta bi ta cikinsu ba. Daga baya na gano cewa akwai ma'aunin lissafi a cikin manhajar, wanda ya nuna mini cewa amfiya 5 a kan tagulla mai kaurin maikiron 35 tana bukatar faɗin kusan milimita 3.

Makon farko yana da wuya, musamman wajen zaɓen sawun ƙafafu, wato zanen inda ƙafafun kaya za su zauna a allo, wanda ya dace da kayan da ake samu a kasuwarmu. Yanzu kafin in tura aiki nakan buga zanen a takarda daidai girmansa, in ɗora kowane kaya a kai in tabbatar ƙafafunsa sun zauna. Allo na biyu yana jikin batirin shagona tun wata biyu, ko ɗumi layin ba ya yi.