Gishiri ko shanya: wanne ya fi tsare fata kafin ta kai majema?

Wallahi duk bayan Babbar Sallah abin nan na damuna, sai ka ga fatar jar akuyar Sakkwato mai kyau an shimfiɗe ta a ƙasa cikin rana an danne da duwatsu. Shanya dai ba ta cin ko sisi, amma zafin rana bayan fatar kawai yake ƙonawa ya bar cikin da danshi, toh ranar da aka jiƙa ta a majema sai gashi ya dinga zuba fuskar fatar na saɓulewa, wata ma ta tsage daidai inda aka naɗe ta. Nan take ta faɗo daga lamba ɗaya, wato ajin fata mafi daraja.

Gishiri kuwa sai ka kashe kuɗi, ga nauyi wajen ɗauka, amma in ka kankare kitse da jini ka barbaɗa shi sosai a gefen naman tun fatar na ɗanya, ruɓa ba ta samun wuri, shi yasa kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suka fi son fatar da aka sa wa gishiri. Kar dai a maimaita tsohon gishiri, jan tabo yake kawowa.

Ni gishirin na zaɓa. In babu hali a ɗaure fatar a katako a inuwa inda iska ke kaɗawa.