Mon-Khmer: tsohon rabo da sabon rabo, da abin da ya kai Biyetnamanci cikin dangin

Malam, tambayarka biyu ce a dunƙule. Ka ce wani littafi ya nuna maka Mon-Khmer a matsayin ɗaya daga cikin manyan rassa biyu na dangin harsunan Ostiro-Eshiyatik na kudu maso gabashin Asiya da Indiya, wani kuma ya ce sunayen biyu abu guda suke nufi, kana son sanin wanda za ka riƙe. Sannan ka yi mamakin ganin Biyetnamanci a jerin, alhali kai a kunnenka ɗan'uwan Sinanci ne. Bari in fara da ta biyun, don idan ta warware, ta farkon ba za ta ba mu wuya ba.

Mu ajiye manyan harsunan dangin biyu kusa da juna: Biyetnamanci mai masu magana kusan miliyan 85, da harshen Khmer na Kambodiya mai kusan miliyan 17. Su biyun ne kaɗai a cikin dangin suka zama babban harshen hukuma na ƙasashensu, kuma wanda ya gan su a takarda zai rantse babu abin da ya haɗa su. Khmer ana rubuta shi da haruffan da suka samo asali daga kudancin Indiya, baƙaƙe 33 da tarin alamomin wasali, kuma rubutunsa mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata, wanda aka samu a Angkor Borei, na shekarar 611 ne. Biyetnamanci kuwa ya daɗe a ƙarƙashin inuwar Sin. Daga shekara ta 111 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa yaƙin kogin Bach Dang a 938, sarakunan Sin ne ke mulkin arewacin ƙasar, kuma bayan tafiyarsu ma an ci gaba da rubutun hukuma da Sinanci. Daga baya mutanen ƙasar suka ƙirƙiro nasu rubutun mai suna Chu Nom daga alamomin Sin. Boko ya zo ta hannun 'yan mishan, Alexandre de Rhodes ya buga ƙamusunsa a birnin Rum a 1651, amma sai a ƙarni na 20 wannan rubutun ya kori sauran.

Kalmomin aro ma haka suka rabu. Khmer ya kwaso na addini da sarauta da shari'a daga Sanskirit da Pali, tsoffin harsunan Indiya. Sunan Angkor kansa, tsohon babban birnin daular Khmer, daga kalmar Sanskirit ta birni ya fito. Biyetnamanci kuma daga Sinanci ya kwaso irin waɗannan, har ta kai idan ka buɗe jarida ko takardar kotu su ne suka cika shafi. Khmer ba shi da karin sauti mai bambanta ma'ana. Biyetnamancin Hanoi yana da guda 6: gaɓar ma ita kaɗai tana iya zama fatalwa, ko uwa, ko "amma", ko kabari, ko doki, ko dashen shinkafa, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Kalmar Biyetnamanci gaɓa ɗaya ce wadda ba ta karɓar ɗafi. Ta Khmer sau da yawa gaɓa ɗaya ce da rabi, wato 'yar gajeriyar gaɓa marar nauyi a gaba sannan cikakkiya, kuma harshen yana da ɗafa-goshi da ɗafa-ciki: slap mutuwa, samlap kashewa; daeu tafiya, damnaeu balaguro.

To, da wannan nisan, ba kai kaɗai ka yi zaton Biyetnamanci baƙo ne ba. A 1912 masanin Faransa Henri Maspero ya ce wurinsa yana tare da harsunan Tai, dangin harshen Tailan, kuma hujjarsa mafi ƙarfi ita ce karin sauti. A ganinsa harshe ba ya ƙirƙiro karin sauti daga babu, sai dai ya gada. Wannan ra'ayi ya yi shekara 40 yana tasiri.

Amma duba kalmomin da ba a cika arowa ba. Ƙirga ɗaya zuwa biyar da Biyetnamanci: một, hai, ba, bốn, năm. Da Khmer: muoy, pii, bei, buon, pram. Hannu tay ne a can, dai a nan. Ɗa con da koun. Shekara năm da chnam. Rana ngày da thngai. Lura da na ƙarshen biyu: Khmer ya riƙe tarin baƙaƙen farkon kalma, Biyetnamanci ya zubar. Kuma muna da shaidar cewa zubarwar ba ta daɗe sosai ba, domin a ƙamus ɗin 1651 kalmar sama da yau ake rubutawa trời an rubuta ta blời, ɓauna kuma da yau take trâu an rubuta ta tlâu. A duwatsun kan iyakar Biyetnam da Lawos akwai ƙananan harsuna irin su Ruc da Arem da Thavung, 'yan reshe ɗaya da Biyetnamanci, waɗanda har yau suke riƙe da kalmomi masu gaɓa ɗaya da rabi irin na Khmer. Tsarin jimla ma yana ba da shaida: dukansu biyu suna sa sifa bayan suna, nhà lớn da phteah thom, wato babban gida, alhali Sinanci gaba yake sa ta.

Wanda ya kashe maganar shi ne André-Georges Haudricourt, a takardu biyu, 1953 da 1954. Ya jera kalmomin Biyetnamanci da na danginsa marasa karin sauti, sai ya ga abin yana bin ƙa'ida. Inda harshen Khmu na arewacin Lawos ya ƙare kalma da alhamza, kamar a kalmomin kifi da ganye, Biyetnamanci ba shi da alhamzar, sai murya mai hawa: cá, lá. Inda dangi suka ƙare da h, kamar muh na hanci a harshen Mon na kudancin Bama, Biyetnamanci yana da wani karin daban: mũi. Wato baƙin ƙarshe ya faɗi ya bar tabonsa a kan murya, aka sami kari 3. Daga baya baƙaƙen farkon kalma masu ziza, irin su b da d da g, suka rikiɗe suka koma kamar p da t da k, sai kowane kari ya rabu gida biyu, na sama da na ƙasa, aka sami 6. A lissafinsa, a farkon ƙarnonin miladiyya harshen ba shi da kari ko ɗaya, zuwa ƙarni na 6 yana da 3, zuwa ƙarni na 12 ya cika 6.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne wannan rikiɗar ta biyu ta faru a Khmer ma, sai dai ta ɓullo ta wata kafa. A maimakon murya ta rabu sama da ƙasa, wasula ne suka rabu. Shi ya sa ɗalibin rubutun Khmer yake shan wahala: baƙaƙen jeri biyu ne, kuma alamar wasali guda ana karanta ta iri biyu gwargwadon jerin baƙin da ta hau. Harshen Mon ya tsaya a tsakiya, yana bambanta kalmomi da murya tsantsa da murya mai huci. Cuta ɗaya ce ta kama gidan, kowa da inda ta fito masa. A maganar yau da kullum ta birnin Phnom Penh ma, inda ake haɗiye r a kalmomi irin su trei, kifi, an fara jin wani kari yana maye gurbinta.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Hausa tana da karin sauti, Larabci ba shi da shi, amma dangi ɗaya suke, kuma ba kalmomin aro irin su littafi da alƙalami ne suka tabbatar da dangantakar ba. Har ila yau a danginmu aka taɓa yin irin kuskuren da ke ƙarƙashin tambayarka ta farko. An daɗe ana raba shi biyu, Semitik, wato reshen su Larabci, a gefe guda, "Hamitik" a ɗaya gefen, har Joseph Greenberg ya nuna a shekarun 1950 cewa Hamitik ba reshe ba ne, tarkacen duk abin da ba Semitik ba ne aka tara a kwando ɗaya.

Yanzu ga tambayarka ta farko: tsohon rabo da sabo.

Tsohon rabo ya samo tushe daga Wilhelm Schmidt, wanda a 1906 ya haɗa harsunan Munda na Indiya da na kudu maso gabashin Asiya ya ba su suna ɗaya. Siffar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Gérard Diffloth ta 1974, wadda ta shiga kundin Britannica, daga nan ta bazu cikin littattafan makaranta. Ta ce dangin ya fara rabuwa biyu ne, Munda da Mon-Khmer. Mon-Khmer kuma ya kasu uku. Na gabas ya ƙunshi Khmer, da Pear na yammacin Kambodiya wanda ke dab da ɓacewa, da Bahnar da Katu na tsaunukan tsakiyar Biyetnam da kudancin Lawos, da reshen Biyetnamanci da Muong. Na arewa ya ƙunshi Khasi na jihar Meghalaya a Indiya, da Palaung da Wa na jihar Shan a Bama da lardin Yunnan na Sin, da Khmu. Na kudu kuma Mon, da harsunan Asli na dazuzzukan Maleshiya irin su Semai da Temiar, da na tsibiran Nikoba. Rabo ne mai daɗin haddacewa, domin yana bin taswira.

Sabon rabo, wanda aka fi dangantawa da Paul Sidwell tun daga 2009, bai taɓa waɗannan ƙananan rassan ba. Kowa ya yarda Katu reshe ne, Bahnar reshe ne. Abin da ya rushe shi ne benayen da aka gina a kansu. Ya ce babu wani sauyi na sauti ko na nahawu da duk harsunan da ake kira Mon-Khmer suka yi tarayya a kansa ban da Munda, kuma in babu irin wannan shaida, babu hujjar cewa sun taɓa zama harshe ɗaya bayan Munda ya ware. Sai ya jera rassa 13 kafaɗa da kafaɗa: goma sha ɗaya na tsohon Mon-Khmer, da Munda, da wani ƙaramin reshe na kan iyakar Sin da Biyetnam mai harsunan Mang da Bolyu da Bugan, wanda ba ya cikin jerin 1974. Ya kuma lura cewa duk reshen da ya fi kusa da Katu da Bahnar a ƙasa ya fi kama da su a kalmomi, abin da ke nuna cuɗanya ta maƙwabtaka, ba lallai gado ba. Haɗin da ya fi samun karɓuwa a sama da rassan shi ne na Khasi da Palaung. Diffloth kansa bai tsaya kan na 1974 ba. A 2005 ya fitar da Khasi da Khmu da Palaung daga cikin Mon-Khmer ya mai da su babban reshe na uku.

Me ya sa tun farko aka ware Munda? Saboda kamanninsa. Santali, babban harshen reshen, mai masu magana fiye da miliyan 7 a ƙidayar Indiya ta 2011, yana sa aikatau a ƙarshen jimla, yana jera masa ɗafa-ƙeya bayan ɗafa-ƙeya har kalma ɗaya ta ɗauki nauyin jimla. Ba abin da ya fi wannan nisa da Khmer. Amma ƙirgarsa mit', bar, pe, pon ce, hannu ti, ruwa dak', ido met', wanda Biyetnamanci ke ce wa mắt, Khasi kuma khmat. Shekaru dubbai na zama cikin harsunan Indiya ne suka sauya masa tufafi, kamar yadda zama da Sin ya sauya wa Biyetnamanci. Ka ga ke nan, kamannin da ya sa Maspero ya fitar da Biyetnamanci shi ne irin wanda ya sa aka ware Munda gefe. Shugabar ƙasar Indiya da aka zaɓa a 2022, Droupadi Murmu, 'yar ƙabilar Santal ce, kuma harshen yana cikin waɗanda tsarin mulkin ƙasar ya amince da su tun 2003.

Shi kuma Mon da sunansa ke gaba, yau masu magana da shi ba su fi kusan miliyan ɗaya ba, a kudancin Bama da wasu sassan Tailan. Tarihinsa ne ya ba shi wannan matsayi: akwai rubuce-rubucensa tun wajen ƙarni na 6 a tsakiyar Tailan ta yau, zamanin daular Dvaravati, kuma yana ɗaya daga cikin harsuna 4 da ke kan dutsen Myazedi na 1113 a tsohon birnin Bagan na Bama. Shi da Khmer ne ke da tsohon rubutu da masana na farko suka iya karantawa. Sunan bai taɓa nufin su biyun sun fi kusa da juna ba, ko a tsohon rabo ma ɗaya yana kudu ɗaya yana gabas.

Ni dai ina tare da sabon rabon, saboda nauyin kawo hujja yana kan mai cewa akwai reshe, kuma masu tsohon rabo ba su kawo ta ba. Sai dai yana da nasa rauni. Rassa 13 a jere ba ya nufin an tabbatar duk lokaci guda suka rabu, yana iya nufin ba a gano tsarin ba tukuna. Masu wannan ra'ayi suna bayyana shi da cewa manoman shinkafa ne suka bazu da sauri ta bin koguna wajen shekaru 4000 da suka wuce, Sidwell da Roger Blench suka ce ta kwarin Mekong a 2011, daga baya Sidwell ya karkata ga bakin Jan Kogi na arewacin Biyetnam, wasu masanan kuma suna kai asalin har kogin Yangtze.

Idan rubutu za ka yi, sa Ostiro-Eshiyatik a matsayin sunan dangin, ka jera rassan 13, sannan ka ƙara jimla ɗaya cewa Mon-Khmer tsohon suna ne na duk rassan in ban da Munda, kuma wasu marubutan yau suna amfani da shi ga dangin baki ɗaya. In kuwa jarrabawa ce kuma littafin malaminku na rabon 1974 ne, ba shi Munda da Mon-Khmer da kashinsa uku, ka ambaci sunan Diffloth da shekarar.